Pompei 1971: kiɗan da aka yi ba ɗan kallo, ba liƙi

A ƙasarmu makaɗi ba ya rataya kalangu inda babu mutane. Ko dai akwai ango da abokansa, ko sarki da fadawansa, ko 'yan dambe a fage, ko manoma a wurin gayya. Kiɗa na wani ne, kuma wanda ake yi dominsa yana nan zaune ana ganinsa, hannunsa kusa da aljihu. Haka muka tashi muka tarar. Shi ya sa idan na gaya wa 'yan uwa a gida cewa ɗaya daga cikin wasannin kiɗan da Turawa suka fi ji da su an yi shi ne a filin da ke cin mutum wajen 20,000 amma babu kowa a mazaunin 'yan kallo, sai su ɗauka wata matsala aka samu, ko tikiti ne ya ƙi sayuwa. Alhali da gangan aka yi haka.

Ina maganar fim ɗin Live at Pompeii da ƙungiyar makaɗa ta Pink Floyd ta Ingila ta yi a kufan birnin Pompei a watan Oktoba na 1971, wanda ya fito a 1972. Ni a Napoli ta Italiya nake zaune, kuma daga nan jirgin ƙasa na Circumvesuviana ba ya cika awa guda yake sauke mutum a ƙofar kufan. Pompei gari ne na Rumawa da dutsen Vesuvio ya yi aman wuta ya binne shi da toka a shekara ta 79 miladiyya. A can ƙarshen garin ta gabas akwai filin wasa mai siffar ƙwai, ginin dutse, wanda aka gina wajen shekara 70 kafin miladiyya, yana cikin mafiya tsufa a irinsa da suka rage a duniya. A nan ake haɗa mayaƙa su fafata da takobi jama'a na ihu. Har ma a shekara ta 59 an yi wata mummunar tarzoma a wurin tsakanin mutanen Pompei da maƙwabtansu na Nuceria, aka yi asarar rayuka, hukumar Rum ta hana irin wannan wasa a filin na tsawon shekara 10. Wato wuri ne da ya san hayaniyar jama'a fiye da kowane dandali da ke Turai yau.

Mai shirya fim ɗin, Adrian Maben, ya zo yawon buɗe ido ne a 1971, fasfo ɗinsa ya ɓace, ya koma cikin kufan da yamma yana nema. Ya shiga filin ya tarar ba kowa, sai kukan ƙwari. A nan tunanin ya zo masa. Lokacin nan duk fim ɗin kiɗa da za ka gani, rabinsa jama'a ake nunawa. Taron Woodstock na 1969 a Amurka ya tara mutane wajen 400,000, fim ɗinsa kuma ya cika da fuskokin matasa suna tsalle cikin taɓo. Maben ya ce shi akasin haka yake so: a cire jama'a gaba ɗaya, a bar makaɗa da kayansu da wurin. Kuma ni a ganina wannan shawara ita ce ta sa har yau ake kallon fim ɗin, bayan da yawa daga sa'o'insa sun zama kayan tarihi kawai.

Su huɗu ne, kuma babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. David Gilmour da jita, Roger Waters da jita mai kaurin murya, Richard Wright da fiyano da ogan, Nick Mason da ganguna. Uku daga ciki, Waters da Wright da Mason, a makarantar koyon zanen gine-gine suka haɗu a Landan. Jagoransu na farko, Syd Barrett, ya bar su tun 1968 saboda halin da ya shiga, kuma faifan da zai mayar da su attajirai, The Dark Side of the Moon, bai fito ba sai 1973. Saboda haka kyamarar Maben ta kama su ne a tsakani, suna lalube, suna gwada duk wani sauti da ƙarfe da waya za su iya fitarwa. Sharaɗi ɗaya suka kafa masa: ba za su tsaya suna motsa baki da hannu a kan faifan da aka riga aka naɗa ba. Kiɗa za su yi na gaske. Dole aka ɗauko kayansu gaba ɗaya a manyan motoci daga Landan har kudancin Italiya. Da suka iso kuma sai wutar wurin ta kasa ɗaukar kayan, aka yi kwanaki ana jira, har sai da aka ja doguwar waya daga cikin sabon garin Pompei zuwa filin. Kwana 4 kacal suka rage musu na aiki.

Fim ɗin yana buɗewa da waƙar Echoes. Kyamara tana can sama, nesa, filin kamar ba kowa, sai wasu ɗigo-ɗigo a tsakiya. A hankali take matsowa, a hankali ƙwarai, har mai gajen haƙuri ya fara tunanin ko hoton ya tsaya ne. Abin da kake ji shi ne sauti ɗaya tak, siriri, da Wright yake bugawa a fiyano, an bi da shi ta wata lasifika mai juyawa a ciki, ya fito yana rawa. Ya buga, ya jira. Ya sake bugawa, ya jira. Sannan jitar Gilmour ta shigo a ƙasa-ƙasa, ba gaggawa. Kafin kyamara ta iso gare su ka riga ka ga tulin lasifikoki baƙaƙe jere a bayansu, an rubuta sunan ƙungiyar da na birnin Landan a jiki, ka ga wayoyi kwance a ƙura, ka ga ma'aikatan ɗaukar sauti zaune a gefe. Ba a ɓoye komai ba. Har layin dogon da ake tura kyamara a kai ana gani.

Echoes a faifansu mai suna Meddle ta haura minti 23, ta cinye gefe guda na faifan ita kaɗai. A fim ɗin an raba ta biyu, rabi a farko, rabi a ƙarshe. Wurin da na fi so shi ne bayan Gilmour da Wright sun gama rera baitocin farko tare, muryoyinsu biyu a haɗe har ba ka bambance ta wane ce ta wane. Sai kiɗan ya juya, Mason da Waters suka kama wani taku mai nauyi suka riƙe shi, ba ƙari ba ragi, na tsawon mintuna. A kan wannan takun Wright yake jefo guntun sauti da ogan, Gilmour ya mayar masa da jita, ya sake jefowa, ya sake mayarwa. Kyamara ta zagaya ta bayan lasifikoki ta dawo ta tsaya a kan yatsun Gilmour. Kana ganin yadda yake tura tsirkiya sama da yatsa har sautin ya miƙe ya yi kuka, kana ganin gashinsa na shiga masa baki saboda iska, bai ko kula ba. Babu wanda yake yi wa murmushi domin babu kowa. Kallon ya fi kama da tsayawa a ƙofar maƙera kana duban maƙeri da mai zuga suna aiki, kowa ya san lokacin ɗan uwansa, ba mai ɗaga kai. Daga baya kuma kiɗan ya narke gaba ɗaya, sai wata kururuwa irin ta tsuntsayen teku, wadda asalinta kuskure ne: an taɓa jona wa Gilmour wata na'urar ƙafa a juye, ta fitar da wannan ƙara, suka ce a bar ta.

Sai A Saucerful of Secrets, wadda babu kalma ko ɗaya a cikinta. A nan ne mutum zai gane dalilin da ya sa ake kiran su masu gwaje-gwaje. Gilmour ya zauna a ƙasa, cikin ƙura, jitar a kan cinyarsa, yana goga mata guntun ƙarfe yana murɗa na'urar maimaita sauti. Wright ya bar yatsu ya koma dukan fiyano da tafin hannu. Mason ya kama wani zagayen ganguna yana maimaitawa ba tsayawa. Waters kuma ya je gaban wani ƙaton farantin tagulla da aka rataye, rana na bayansa ana ganin inuwarsa kawai, yana dukansa da dukkan ƙarfinsa. Hargitsi ne sosai, kuma da nufi. Amma idan ka daure ka kai ƙarshe, sai ƙurar ta kwanta, ogan ɗin Wright ya taso shi kaɗai a natse, ganguna suka shigo a hankali, Gilmour ya miƙe ya buɗe murya ba tare da furta komai ba. Daɗin wannan ƙarshen ba ya samuwa sai ga wanda ya bi ta cikin hargitsin. Na gwada tsallakewa in saurari ƙarshen kaɗai, bai yi armashi ba.

A 2025 an sake fito da fim ɗin a gidajen sinima bayan an gyara hoto da sauti, na je na gani a nan Napoli. Zauren ya cika da dattawa masu furfura, da yawa sun zo da 'ya'yansu manya, wasu har da jikoki. Mutanen Napoli ba a san su da shiru ba, duk wanda ya taɓa shiga kasuwarsu ko motar haya zai shaida, amma daren nan ko tari mutum ya yi sai an waiwayo. Da aka zo One of These Days, wadda kusan Mason kaɗai ake nunawa saboda hotunan sauran sun ɓace tun wancan lokaci, sai na ji dattijon da ke kusa da ni ya taɓa jikansa ya nuna masa allo. Ashe ya san abin da ke tafe. Ana tsakiyar bugu sandar kiɗa ta kuɓuce daga hannun Mason ta yi sama, ya miƙa hannu ya zaro wata, takun bai karye ba ko sau ɗaya. Zauren ya ɗauki tafi. Mutane na tafa wa sandar da ta faɗi shekara 54 da suka wuce, wadda mai shirya fim zai iya yanke ta amma ya bar ta.

Na tura wa ƙanena guntun Echoes ta WhatsApp, shi yana Kano. Bai daɗe ba ya aiko da murya: "Yaya, na saurara har minti biyar, ina waƙar take? Wa suke yi wa?" Tambayarsa tambayar Bahaushe ce ta asali, kuma ban raina ta ba. Mu kunnenmu zance yake bi. Muna jiran azanci, muna jiran kirari, muna jiran habaicin da zai sa wanda aka yi dominsa ya sunkuyar da kai. Ko gangarmu ma magana take yi, wanda ya san take yana jin sunan da kalangu ke kira. Na ce masa, ƙanena, akwai baiti a ciki, kuma ba wofi ba ne. Akwai inda suke maganar baƙi biyu da suka yi kiciɓis a titi, ido ya haɗu, kowa ya ga kansa a jikin ɗan uwansa, kuma duk wanda ya yi zaman baƙunta a ƙasar da ba a jin harshensa ya san wannan kallon. Amma ko da babu baitin, ka tuna makiyayin da ke busa sarewa a bayan gari, wa yake yi wa? Ba mai biyansa, ba mai amsa masa, kuma in ka ji shi da la'asar sai ka tsaya. Muna da irin wannan kiɗa. Abin da ba mu da shi shi ne al'adar ɗaukarsa da muhimmanci har a kai masa kyamara.

Kada a ɗauka ina cewa nasu ya fi namu. Akwai abin da ke wurin Alhaji Mamman Shata da babu shi a Pompei, kuma ba zai taɓa samuwa a can ba. Shata yana tsaye a fili, wani ya shigo, nan take ya saka shi cikin waƙa, da sunan ubansa da garinsu da abin da ya yi bara, 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙar, kalangu na bin sa duk inda ya juya. Waƙar da ya yi daren nan ba ita zai yi gobe ba ko da amshin ɗaya ne, domin mutanen da ke gabansa sun sauya. Jama'a ɗaya ne daga cikin kayan kiɗansa. Ka cire su, ka cire rabin waƙar. Haka Ɗan Anace a fagen dambe, in babu Shago da abokin karawarsa da 'yan kallo, wa zai zuga? Pink Floyd sun iya zama su kaɗai ne domin kiɗansu tsakaninsu yake yawo, daga wannan zuwa wancan. Namu daga makaɗi yake fita ya je wurin jama'a ya dawo. Hanyoyi biyu ne, kuma duk wanda ya san ɗaya kawai an rage masa wani abu.

Inda abin yake yi mini ciwo daban ne. Duk mai son Pink Floyd a zauren nan ya san sunan mai ganguna, ya san irin ogan ɗin da Wright ya kaɗa, ya san na'urar maimaita sautin da suke amfani da ita Binson ce kuma a Milan aka ƙera ta. Mu fa? Shata ya rasu a 1999, kuma kusan duk Bahaushen da ya kai shekara 40 zai iya rera maka amshin Bakandamiya. A cikinmu mutum nawa ne za su iya faɗin sunayen masu kalangun da suka tsaya a bayansa shekara da shekaru? Mutum nawa suka taɓa ganin, kusa da kusa, yadda hannun hagu ke matse tsirkiyar kalangu a ƙarƙashin hammata har ganga ta sauya murya? Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, da tsirkiya ɗaya tak a kuntigi ya zagaya duniya. Haruna Uji da gurmi, Garba Liyo da goge, Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Hotunan bidiyon da suka rage na irin waɗannan mutane, galibi kyamara ɗaya ce an kafa ta nesa, sautin na shiga ta makirfo ɗaya, kuma da zarar wani mai babbar riga ya taso zai yi liƙi sai kyamara ta bar makaɗi ta bi shi. Muna da fuskokin masu liƙi da yawa a ajiye. Hannun makaɗa ne ba mu da shi.

Ina ganin tushen abin shi ne matsayin da muka ba sana'ar. Muna son waƙa, muna kuka da ita, muna haddace ta, amma maroƙi muke kiran mai yin ta, kuma gidaje da yawa har yau ba za su ba makaɗi 'ya ba. Wanda kake yi wa kallon mai roƙo ba za ka durƙusa da kyamara ka ɗauki yatsunsa na minti goma ba. Na san kuma akwai 'yan uwa da suka bar sauraren kiɗa gaba ɗaya saboda addini, kuma ina girmama matsayinsu, ba da su nake ba. Ina magana ne da mu da muke saurara dare da rana, muke cika wayoyinmu da waƙoƙi, amma ba mu taɓa tambayar wa ya kaɗa ba.

Yanzu ma tambayar ta fara zama ba ta da amsa, domin sau da yawa ba wanda ya kaɗa. Kwamfuta ce da fiyano a ɗakin naɗar sauti. Ban ƙi wannan kiɗan ba, akwai masu basira a cikinsa, kuma shi ne ke ɗebe mini kewa a nan idan gida ya faɗo mini a rai. Amma na halarci bukukuwa, a gida da kuma nan Turai, inda aka gayyato mawaƙi da kuɗi masu yawa, ya hau dandali, mai kayan sauti ya saka waƙarsa daga kwamfuta, shi kuma ya riƙe makirfo yana bin ta da baki, can ba can ba ya kira sunan wani. Abin da samari huɗun nan suka ƙi yi a 1971, a wurin da babu mai kama su in sun yi, shi muke biya a yi mana a gaban idonmu. A irin wannan wasa sanda ba ta taɓa faɗuwa daga hannun kowa, domin babu sandar.

Fim ɗin Pompei yana da nasa rauni, kuma masoyansa sun san da shi. Waƙoƙi uku ne kawai aka ɗauka a filin. Sauran, irin su Careful with That Axe, Eugene da Set the Controls for the Heart of the Sun, a wani ɗakin ɗaukar fim na birnin Faris aka yi su a watan Disamba na wannan shekara, aka haɗa. Mai lura zai gane, domin a Pompei Wright yana da gemu, a Faris kuma ya aske. Akwai kuma wurin da aka kwantar da wata karya a gaban makirfo tana haushi Gilmour na busa mata, wanda ni dai ban ga amfaninsa ba, kuma duk lokacin da na nuna wa wani ɗan gida fim ɗin a nan nake jin nauyi. A 2003 Maben ya sake fitar da shi ya cusa hotunan taurari da na sararin samaniya da aka haɗa a kwamfuta, ya ɓata tsabtar abin. Wanda zai nema ya nemi na asali ko gyaran 2025.

A watan Yuli na 2016 Gilmour ya dawo filin, wannan karon da 'yan kallo, da fitilu masu launi, da tartsatsin wuta a sama. Shi ne karo na farko da jama'a suka taru kallon wasa a wurin tun kafin aman wutar 79. Wasa ne mai kyau, sautinsa ya fi na 1971 tsabta nesa ba kusa ba, kuma garin ya karrama shi da zama ɗan gari. Amma bai kaɗa Echoes ba. Wright ya rasu a 2008, kuma Gilmour ya bayyana cewa waƙar hira ce tsakanin mutum biyu, ɗayan kuma ba ya nan. Na girmama shi a kan wannan fiye da duk abin da ya kaɗa daren. Mawaƙi ne da zai iya ɗauko kowane gwanin ogan a duniya ya biya shi, jama'a kuma da sun yi ta ihu, amma ya san waƙar ba tasa ba ce shi kaɗai. Ka ga inda makaɗin da ke gefe yake da daraja har rashinsa ya rufe waƙa.

Batun ajiya kuwa, nan ma akwai abin dubawa. Shekaru ana neman ainihin fim ɗin na milimita 35 ba a san inda yake ba, har wata ma'aikaciyar ƙungiyar, Lana Topham, ta gano shi a cikin ma'ajiyar ƙungiyar kanta. Aka bi shi hoto bayan hoto aka gyara, wani makaɗin Ingila mai suna Steven Wilson ya sake haɗa sautin, kuma da faifan ya fito a watan Mayu na 2025 sai ya hau matsayi na ɗaya a jerin faifan da aka fi saya a Birtaniya. A cikin rumfunan da ke ƙarƙashin filin na Pompei ma akwai hotunan wannan aiki a jere, masu yawon buɗe ido na bi suna kallo. Kiɗan kwana 4 ya shiga tarihin garin da ya shekara fiye da 2,000. Mu kuwa abin da ya tsira na manyan makaɗanmu, yawancinsa albarkacin masu sayar da kaset ne a kasuwa da wasu tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka ɓoye kwafi a gida, sai kuma samarin da ke ɗora su a YouTube yanzu, Allah ya saka musu da alheri. Sautin ya sha kwafi a kan kwafi har kalangu ya koma kamar ana kaɗa shi a ɗaki na uku.

Kuma kada wani ya ce ai irin wannan kiɗa na jita mai tsawo na Turawa ne, ba zai karɓu daga wajenmu ba. Ga Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, bahago. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a Sahel. Amma abin da ya kai shi manyan dandali na Amurka da Turai shi ne kiɗan hannu: shi da mai jita na biyu da mai ganguna da mai jita mai kaurin murya, suna kama taku ɗaya su riƙe shi suna ƙara masa wuta har mai sauraro ya manta inda yake. A bukukuwan aure na Agadez ya goge, a ƙasa, cikin ƙura, da janareta a gefe. Turawan da ke tafa wa sandar Mason su ne suke cika zaure idan ya zo, kuma ba sa jin ko kalma ɗaya ta Tamashek. Hannu suke kallo.

Abin da nake so in gani ba mai tsada ba ne yanzu. Kayan da Maben ya sha wahalar jawowa daga Faris da Landan, yau samarin da ke ɗaukar bidiyon biki a Kano da Zinder da Kumasi suna da abin da ya fi su a cikin jaka ɗaya. Har yanzu akwai tsofaffin masu goge da garaya da gurmi da kotso a garuruwanmu, wasu sun bar fita saboda ba a kiran su. A samu ɗaya, a je da shi da mutanensa wani wuri mai sarari, gindin ganuwa ko tsohon zaure ko bakin dutse, da sassafe ko bayan la'asar lokacin da haske ke da kyau. A ba kowace ganga makirfonta. A sa kyamara ɗaya a kan fuska, ɗaya a kan hannu, kada ta motsa ko wa ya shigo. A rubuta sunan kowane makaɗi da sunan mahaifinsa da garinsu da wanda ya koya masa. Kuma a biya shi kuɗinsa cif tun kafin ya taɓa tsirkiya, a gaya masa yau ba sai ya wasa kowa ba, ya kaɗa abin da yake kaɗawa idan yana shi kaɗai a gida, ya ja shi iya tsawon da yake so.